ƘWAYOYIN RABA-ƘAFA: ASALIN AIKIN SABULU DA MAGANIN FESHI A YANKIN NOMAN RANI NA GARUN MALLAM

1.0 GABATARWA

Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Zariya da rani, da zarar ya wuce Kura ya doshi Kadawa da Kwanar Gafan, zai ga abubuwa biyu da ba sa rabuwa da bakin hanyoyin ruwan da ke shayar da gonaki. Na farko, yara da samari suna wanki, kumfa tana bin ruwa. Na biyu, manoma goye da injin feshi, suna ɗibar ruwa suna haɗa magani. A ido, waɗannan ayyuka ba su da wata dangantaka. Amma a wurin mai nazarin sinadarai, iri ɗaya ne na ƙwayoyi ke ɗauke da nauyin ayyukan biyu, watau ƙwayoyin da gefe guda nasu yake son ruwa, ɗaya gefen kuma yake gudunsa.

Wannan yanki, wanda ya haɗa da Garun Mallam da Kura da Bunkure, yana shan ruwa ne daga madatsar Tiga, wadda aka gina a kan Kogin Kano tsakanin 1971 da 1974, a zamanin Gwamna Audu Bako. An tsara kashin farko na shirin ya shayar da hekta kimanin 22,000. Tun daga lokacin, noman alkama da shinkafa da tumatir da albasa ya bunƙasa, amfani da magungunan ƙwari da na ciyawa kuma ya ƙaru tare da shi.

Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana ƙirar waɗannan ƙwayoyi da yadda suke aiki, ta nuna cewa Bahaushe ya daɗe yana sarrafa su, sa'an nan ta nuna cewa halin da ya sa suke da amfani a tukunyar wanki da kan ganye, shi ne kuma yake sa su zama haɗari idan an wuce ƙima ko an zuba su inda bai dace ba. Yawancin ɗalibanmu 'ya'yan manoma ne, kuma za su koma su koyar da 'ya'yan manoma. Saboda haka ya kamata a ce ana iya yin wannan bayani da harshen da manomin yake ji.

2.0 MATSALAR SUNA

Kafin mu yi nisa, ya kamata mu daidaita a kan kalmomi. A wannan maƙala, "zarra" ita ce mafi ƙanƙantar ɓangaren asalin abu, kamar kabon ko haidurojin ko oksijin. Idan zarra biyu ko fiye suka ɗauru da juna suka zama abu guda mai halinsa, shi muke kira "ƙwayar sinadari", ko "ƙwaya" a taƙaice.

Irin ƙwayoyin da muke magana a kansu, wani masani ɗan Ingila, G. S. Hartley, ya ba halinsu suna a 1936, daga kalmomin Girkanci masu ma'anar jin abu biyu a lokaci guda. A Hausa, da farko na gwada kiransu "masu fuska biyu", sai na ga ɗalibai suna ɗaukar maganar a kan munafunci, alhali kuwa aikin ƙwayoyin ya fi kama da na mai shiga tsakani. Daga baya na tsaya a kan "ƙwayoyin raba-ƙafa", domin Bahaushe yakan ce wane ya raba ƙafa idan ya sa ƙafa ɗaya a wannan ɓangare, ɗaya kuma a wancan. Wannan shawara ce kawai, kuma ina fata mahalarta wannan taro, musamman masana harshe, za su duba ta su gyara.

3.0 ME YA SA RUWA DA MAI BA SA HAƊUWA?

Ƙwayar ruwa ta ƙunshi zarrar oksijin ɗaya da zarrar haidurojin biyu. Oksijin ya fi haidurojin ƙarfin jan lantarkin da ke tsakaninsu, saboda haka gefen oksijin yakan ɗauki ɗan caji na ragi, gefen haidurojin kuma ɗan caji na ƙari. Da yake caji mabambanta suna jan juna, kowace ƙwayar ruwa tana riƙe da maƙwabtanta, kamar yara a dandali da suka kama hannun juna. Gishiri da sukari suna narkewa a ruwa ne domin suna da wuraren da ruwa zai iya kamawa.

Mai kuwa, ko na gyaɗa ko kananzir, galibinsa dogayen sarƙoƙi ne na kabon da haidurojin, waɗanda ba su da gefen ragi ko na ƙari. Ruwa ba ya samun inda zai kama su. A nan akwai kuskuren da ya kamata malami ya gyara. Idan mun ce mai yana "gudun" ruwa, ba wai akwai wani ƙarfi da ke ture su daga juna ba ne. Ƙwayoyin ruwa ne suka fi son riƙe junansu, sai su matse baƙon da ba shi da hannun kamawa, su tara shi wuri guda.

Wannan riƙo shi ne kuma yake sa fuskar ruwa ta ɗame kamar fatar ganga. Ƙwayoyin da ke can sama ba su da 'yan'uwa a bisansu, sai ja ya rinjaya zuwa ƙasa da gefe. Shi ya sa allura take iya kwanciya a kan ruwa idan an ɗora ta a hankali, kuma shi ya sa ɗigon ruwa yake dunƙulewa a kan ganyen gwaza ya gangara ba tare da ya jiƙa shi ba. Wannan hali shi za mu kira "ɗamewar fuskar ruwa". Ma'auninta a ruwa mai tsabta, a zafin ɗaki, kimanin mili-niwton 72 ne a kowace mita.

4.0 ƘIRAR ƘWAYAR RABA-ƘAFA DA HALAYENTA

Siffar ƙwayar raba-ƙafa ta yi kama da talibambam: kai guda da doguwar wutsiya. Kan yana ɗauke da caji ko zarrar oksijin da yawa, saboda haka ruwa yana kama shi. Wutsiyar kuwa sarƙa ce ta kabon, yawanci daga 12 zuwa 18 a sabulu, halinta kuma halin mai ne. Tsawon ƙwayar duka bai wuce nanomita 2 zuwa 3 ba, nanomita kuwa ita ce kashi ɗaya cikin miliyan na milimita.

Idan aka zuba irin waɗannan ƙwayoyi a ruwa, abubuwa biyu ne suke faruwa, ɗaya bayan ɗaya.

(a) Jeruwa a fuskar ruwa. Da farko sukan hau sama su jeru, kawuna a cikin ruwa, wutsiyoyi a iska. Da yake sun shiga tsakanin ƙwayoyin ruwan da ke sama, ɗamewar fuskar takan sauka daga 72 zuwa wajen 30. Ruwan da ɗamewarsa ta ragu shi ne yake shimfiɗuwa, ya jiƙa abu, ya shiga ƙananan kafofi, ya kuma yi kumfa.

(b) Curewa. Idan fuskar ruwan ta cika, sauran ƙwayoyin sukan taru su yi curi, wutsiyoyi a ciki, kawuna a waje. Masanin nan J. W. McBain ne ya kawo wannan bayani a 1913. A wani sanannen sinadarin wanki mai kabon 12, kowane curi yakan ƙunshi ƙwayoyi wajen 60. Cikin curin tamkar ɗan ɗigon mai ne, saboda haka maiƙo yana iya shiga ya ɓuya, ruwa kuma ya tafi da curin duka. Asalin wanki ke nan.

A lura da wani muhimmin abu: akwai iyakar yawa wadda daga ita curewa take farawa, kuma da zarar an kai ta, ƙarin sabulu ba ya ƙara sassauta fuskar ruwa sai ɗan abin da ba a rasa ba. Za mu koma kan wannan batu idan mun zo gona.

Ana kasa waɗannan ƙwayoyi gida huɗu bisa ga cajin kansu: masu cajin ragi, kamar sabulu da yawancin garin wanki; masu cajin ƙari, waɗanda ake samu a wasu magungunan kashe ƙwayoyin cuta; marasa caji, waɗanda aka fi amfani da su a magungunan feshi; da masu ɗauke da caji biyun a kai guda, kamar lesitin da ke cikin gwaiduwar ƙwai.

Tarihin gano waɗannan abubuwa yana da darasi ga makarantun da ba su da ɗakin gwaji. A wani rahoto da aka buga a 1774, Benjamin Franklin ya bayyana yadda ya zuba cokalin shayi guda na mai a wani tafki a Clapham, kusa da Landan, man ya bazu ya kwantar da ruwa a faɗin kusan rabin eka. Idan muka ɗauka cokalin mililita 5 ne, rabin eka kuma murabba'in mita 2,000, lissafi zai ba mu kaurin nanomita 2.5, watau kimanin tsawon ƙwaya guda. Haka kuma wata Bajamushiya, Agnes Pockels, wadda ba ta sami shiga jami'a ba, ta fara nazarinta ne daga lura da ruwan wanke-wanke a gida, ta ƙirƙiro hanyar auna ɗamewar fuskar ruwa, aka buga sakamakonta a mujallar Nature a 1891. A kan irin wannan hanya ce Irving Langmuir na Amurka ya ɗora aikinsa, ya nuna a 1917 cewa ƙwayoyin a tsaye suke a fuskar ruwa, ya kuma sami kyautar Nobel a 1932.

5.0 ƘWAYOYIN RABA-ƘAFA A GIDAN BAHAUSHE

5.1 Sabulun salo

Mai yin sabulun salo takan ƙona kara ko ɓawon amfanin gona, ta tace tokar da ruwa, ta dafa ruwan tokar tare da mai har ya kama. Abin da ke faruwa a tukunyarta shi ne wannan: kowace ƙwayar mai wutsiyoyi uku ce da aka ɗaure a jikin gilisarin, kuma ba ta da kan da ruwa zai kama sosai. Ruwan toka yana ɗauke da sinadarin fotash mai kaifi, wanda yake tsinke ɗaurin, ya bar kowace wutsiya da kai mai caji. Mai ya zama sabulu ke nan. Bafaranshen nan Chevreul ne ya bayyana wannan a littafinsa na 1823, amma masu sana'ar sun riga littafin. Da yake tokar tsirrai fotashiyam ne ya fi yawa a cikinta, sabulun salo yakan fito da laushi, saɓanin sabulun kanti wanda ake yi da sodiyam. Kuma gilisarin ɗin yana nan cikinsa ba a cire ba.

Sabulu yana da rauni guda, wanda duk mai wanki da ruwan rijiya mai zartsi ya sani. Idan ruwa yana da kalshiyam ko maganiziyam da yawa, kowace zarrarsu takan kama kan sabulu biyu ta haɗe su, su daina narkewa, su zama wani dauɗa mai danƙo, kumfa ta ƙi tashi. Garin wankin zamani, wanda jama'a suke kira omo ko da na wane kamfani ne, an yi shi da wani irin kai da kalshiyam ba ya saurin kamawa. An fara ƙera irin waɗannan sinadarai ne a Jamus lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, saboda ƙarancin kitse.

5.2 Aduwa

Wasu tsirrai suna yin nasu ƙwayoyin raba-ƙafa, waɗanda ake kira safonin. A cikinsu sukari ne yake tsayawa a matsayin kai. Aduwa tana daga cikin itatuwan da suke da shi, shi ya sa ɓawonta da saiwarta suke kumfa idan an daka an jiƙa, kuma al'ummomi da dama na yankin Sahel sun yi wanki da su.

5.3 Nono da jikin ɗan'adam

Madara mai ce a cikin ruwa, amma ba ta rabuwa nan take, domin kowane ɗigon mai yana lulluɓe da wata siririyar riga ta ƙwayoyin raba-ƙafa. Idan Bafillatana ta kaɗa nono, wannan riga take fasawa, ɗigon man su haɗu su zama man shanu. A cikinmu kuwa, ruwan matsarmama shi ne sabulun da ke farfasa maiƙon abinci a hanji domin ya narku. Fatar da ta kewaye kowace ƙwayar halitta ta jikinmu ma layi biyu ce na ƙwayoyin raba-ƙafa, wutsiya na fuskantar wutsiya, kamar yadda Gorter da Grendel suka nuna a ƙasar Holan a 1925 da jajayen ƙwayoyin jini. Haka kuma huhu yana da nasa sinadarin da ke hana ƙananan jakunkunan iska mannewa. A 1959 Mary Ellen Avery da Jere Mead suka gano cewa ƙarancinsa ne yake jawo wa bakwaini wahalar numfashi. Wannan batu na fatar ƙwayar halitta a riƙe shi, domin shi ne mabuɗin fahimtar haɗarin da za mu ambata a gaba.

6.0 A GONAR NOMAN RANI

6.1 Me ya sa magani yake yin fari?

Yawancin gubar da ke kashe ƙwari ba ta narkewa a ruwa. Saboda haka kamfani yakan narkar da ita a wani irin mai, ya ƙara ƙwayoyin raba-ƙafa. Da manomi ya zuba maganin a ruwa, sai ƙwayoyin su kewaye man su raba shi ɗigo-ɗigo ƙanana, ruwan ya yi fari kamar madara. Wannan fari alama ce ta cewa haɗin ya yi daidai. Idan kuwa aka ga mai ya taso sama ko abu ya kwanta a ƙasa, to haɗin ya lalace: farkon feshin da ƙarshensa ba za su zo da ƙarfi ɗaya ba, wani layin ya ƙone, wani kuma ƙwari su sha.

6.2 Jiƙa ganye

Ganye yana da rufi na kaki wanda yake hana shi bushewa, kaki kuwa dangin mai ne. Ganyen albasa da kabeji da shinkafa suna da wuyar jiƙuwa ƙwarai, ɗigon ruwa yakan dunƙule ya faɗi ƙasa. Ganyen tumatir ya fi su sauƙi. Ƙwayoyin raba-ƙafa sukan kafa wutsiya a kan kakin, kai a cikin ruwa, sai ɗigon ya shimfiɗu ya kama ganye. Wasunsu ma suna taimaka wa magani ya ratsa kakin ya shiga ciki.

Muhimmancin wannan ya fito fili a 2016, lokacin da tsutsar tumatir da masana ke kira Tuta absoluta, manoma kuma suke kira sharon, ta cinye gonaki a Kano da Kaduna da maƙwabtansu, har masana'antar sarrafa tumatir ta Dangote da aka buɗe a Kadawa a wannan shekara ta dakata saboda rashin kaya. Wannan tsutsa tana shiga tsakanin fatar ganye ta sama da ta ƙasa ne ta yi ta ci, saboda haka maganin da ya tsaya a waje da wuya ya same ta. Amma kada a ɗauka cewa ƙarin sabulu ne maganinta. Ƙwaron ya shahara wajen saurin sabawa da guba, kuma yawan maimaita magani iri ɗaya yana ƙara masa wannan ƙarfi.

6.3 Garin wanki a cikin injin feshi

Na taɓa kai ɗalibai ziyarar gani da ido wata gonar albasa a yankin, muka tarar bakin ganyen ya bushe ya yi fari. Mai gonar ya ce ya ƙara garin wanki cikin hannu guda a kowane inji ne domin maganin ya kama. Tunaninsa yana kan hanya, domin ya lura da cewa sabulu yana sa ruwa ya jiƙa ganye. Kuskuren yana wajen zaɓi da awo, kuma dalilan su ne:

(i) Maganin da aka saya ya riga ya zo da nasa ƙwayoyin raba-ƙafa a mafi yawan lokuta. Kamar yadda muka gani a 4.0, bayan an kai iyakar curewa, ƙari ba ya ƙara amfani. Sau da yawa ma yakan sa ɗigon su haɗe su zube daga ganyen, kuɗin manomi ya tafi ƙasa.

(ii) An yi garin wanki ne domin ya cire maiƙo. A kan ganye, maiƙon da zai tarar shi ne kakin da ke kare ganyen. Idan ya lalata shi a tsakiyar zafin bazara, ganyen zai rasa ruwa ya ƙone.

(iii) Garin wanki yana ɗauke da sinadari dangin kanwa, wanda yake sa ruwa ya yi kaifi. Magungunan ƙwari da dama suna lalacewa da sauri a irin wannan ruwa.

(iv) Wasu magungunan ciyawa, irin su farakwat, cajin ƙari gare su. Idan suka haɗu da garin wanki mai cajin ragi, sai su kama juna, ƙarfin maganin ya ragu.

Wannan ba ya nufin sabulu ba shi da gurbi a gona. Ruwan sabulu mai laushi, kimanin kashi 1 zuwa 2 cikin 100, yana kashe darɓa da sauran ƙwari masu taushin jiki idan ya taɓa su, kuma ɗan sabulu kaɗan yana taimaka wa man darbejiya ya gauraya da ruwa. Abin da ake bukata shi ne awo, da gwadawa a kan 'yan tsirrai kafin a bi gona duka, da yin feshi da sassafe ko da yamma. Alal misali, idan takardar wani abin ƙari ta ce kashi 1 cikin 1,000, to a injin da ke cin lita 16, mililita 16 ake bukata, watau kimanin cokalin shayi uku.

6.4 Ruwan haɗi

Ruwan da aka haɗa magani da shi ma yana da nasa tasiri. Laka takan kama gilaifoset da farakwat ta hana su aiki, kalshiyam kuma yana rage ƙarfin gilaifoset. Saboda haka ruwan da ya gurɓace da taɓo bai dace da haɗi ba, a bari ya kwanta tukuna.

7.0 IDAN SUKA KOMA CIKIN RUWA

Mun ce fatar kowace ƙwayar halitta layi biyu ce na ƙwayoyin raba-ƙafa. To, baƙin ƙwayoyin raba-ƙafa suna iya kutsawa cikin wannan fata su ɓarka ta, kamar yadda suke yi wa maiƙo. Halittun da suka fi shiga haɗari su ne masu numfashi ta siririyar fata a cikin ruwa, watau kifi da talibambam da dodon koɗi.

Misalin da ya fi shahara shi ne na gilaifoset, wanda kamfanin Monsanto ya fara sayarwa a 1974 da sunan Roundup. An daɗe ana haɗa shi da wani sinadarin raba-ƙafa da ake samarwa daga kitsen dabbobi. Wani bincike da aka buga a Amurka a 1979 ya nuna cewa wannan abin haɗi ya fi gilaifoset ɗin kansa illa ga kifi, kuma a 2016 Tarayyar Turai ta hana haɗa shi da gilaifoset. Darasin shi ne cewa abin da ba a rubuta da manyan baƙaƙe a jikin kwalba ba yana iya zama shi ne mai cizo. Wanda ya wanke injin feshinsa a hanyar ruwa, ya tuna cewa ruwan da ya bar gonakin nan yana komawa Kogin Kano, ya bi ta Wudil ya shiga Kogin Haɗeja, har dausayin Haɗeja da Nguru, inda masunta da makiyaya suke rayuwa a kansa. Kuma abin da yake taimaka wa magani ya ratsa ganye yana iya taimaka masa ya ratsa fatar mai feshi, musamman a cikin gumi.

Sai dai wannan hali yana da fuskar alheri. Cutar tsargiya, mai sa fitsarin jini, tana yawaita a wuraren noman ban-ruwa, domin tsutsar da ke kawo ta tana girma ne a jikin wasu ƙananan dodon koɗi masu son ruwa mai tafiya a hankali. A 1933 R. G. Archibald ya ba da rahoto daga Sudan cewa 'ya'yan aduwa suna kashe waɗannan dodon koɗi. A 1964 kuma masanin nan ɗan Habasha, Aklilu Lemma, ya lura da matattun dodon koɗi a ƙasan wurin da ake wanki da 'ya'yan wata shuka mai suna endod a garin Adwa, binciken da ya kai shi ga samun kyautar Right Livelihood a 1989. A duka biyun, safonin ne yake aikin. Amma abin da ya kashe dodon koɗi yana kashe kifi, saboda haka wannan aiki ne na masana lafiya da awo, ba abin da kowa zai zuba a ruwan jama'a ba.

8.0 SHAWARWARI DA KAMMALAWA

Daga abin da ya gabata, ina ba da waɗannan shawarwari:

1. A koyar da wannan darasi da kayan da ke hannu. Kwano da ruwa da allura da ɗigon sabulu sun isa su nuna ɗamewar fuskar ruwa. Ganyen kabeji da na tumatir sun isa su nuna jiƙuwa. Kwalba biyu na mai da ruwa, ɗaya da sabulu ɗaya babu, sun isa su nuna aikin shiga tsakani.

2. A gayyato masu yin sabulun salo su nuna wa ɗalibai sana'arsu, malami kuma ya bi bayansu da bayanin abin da ke faruwa a tukunya.

3. Kwalejojin ilimi su nemi haɗin gwiwa da tashar binciken noman ban-ruwa da ke Kadawa, ta Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, domin a rubuta taƙaitattun bayanai da Hausa, na boko da na ajami, a kan awo da haɗa magani.

4. A nuna wa manoma cewa ruwan ɗaurayar kwalba a mayar da shi cikin inji a fesa a gona, wankin inji kuma a yi shi nesa da hanyar ruwa da rijiya, mai feshi ya yi wanka da sabulu da zarar ya gama.

5. Masana harshe da malaman kimiyya su zauna tare su daidaita kalmomi, domin kada kowace makaranta ta riƙa ƙirƙirar nata.

A taƙaice, mun ga cewa ƙira guda ce, kai mai son ruwa da wutsiya mai gudunsa, take bayyana wanki da sabulun salo, da kaɗa nono, da numfashin jariri, da farin maganin feshi, da ƙunar ganyen albasa, da mutuwar kifi. Manomin Garun Mallam ya riga ya san rabin wannan ilimi ta hanyar lura. Abin da ya rage masa shi ne dalili da awo, kuma kai masa su aiki ne da ya rataya a wuyanmu mu malamai. Idan wannan maƙala ta sa an tattauna yadda za a yi hakan da Hausa, to ta biya bukatar da aka rubuta ta dominta.